Ƙungiyar hidimar al'umma a sakandare: ta ina ake farawa, me kuma yake kashe ta?

Tambaya: Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a cikin birnin Kano. Ɗalibai sun nemi a kafa musu ƙungiyar aikin sa kai don taimakon unguwa, shugaban makaranta kuma ya ɗora mini nauyin. Sama da ɗalibai 100 sun rubuta suna. Ta ina zan fara, wane aiki ya dace da su, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Malam, fara da ajiye takardar nan mai suna 100 a gefe. Rubuta suna ba wuya. Wani ya rubuta ne don abokinsa ya rubuta, wani ya ji ana raɗe-raɗin za a ɗinka riga. Abin da ke riƙe irin wannan ƙungiya shi ne aiki guda ɗaya, ƙarami, kusa da makaranta, wanda ake komawa kansa kowane mako, kuma an san mai kula da shi ranar da ɗalibai ba sa nan. Ƙungiyoyin da suka mutu yawancinsu ba rashin kuɗi ne ya kashe su ba. Bikin ƙaddamarwa aka yi da rumfa da kujeru da babban baƙo, aka share titi sau ɗaya, aka ɗauki hoto, shi ke nan.

Aikin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Gayya ce: samari su taru a gonar mutum ɗaya su nome ta a wuni guda, mai gona ya kawo fura da tuwo, gobe a koma ta wani. Bambancin kawai shi ne 'yan gayya manya ne masu ikon kansu, naka kuwa yara ne da aka ba ka amana.

Takardu kafin shebur

Yawancin ɗalibanka ba su kai shekara 18 ba, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana ɗaukar duk wanda bai kai wannan shekaru ba a matsayin yaro. Duk abin da ya sami ɗaya daga cikinsu a wajen katangar makaranta, kai za a fara nema. Don haka umarnin baki daga shugaban makaranta bai wadatar ba. Rubuta takarda mai shafi ɗaya: sunan ƙungiya, abin da za ta yi, rana da lokacin haɗuwa, wuraren da za a je, da sunayen malaman da za su riƙa rakiya. Shugaba ya sa hannu ya buga hatimi, ka riƙe kwafi. Idan aikin zai fitar da yara waje, shi ne zai sanar da ofishin shiyya na hukumar da ke kula da makarantar, ba kai ba. Kada ka tsallake shi. A kuma gabatar da maganar a zaman ƙungiyar iyaye da malamai da na kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), domin a nan ne za ka sami dattijon da zai tsaya maka ranar da wani uba ya zo da faɗa.

Sai takardar amincewar iyaye. A rubuta ta da Hausa, gajeriya, ta faɗi ainihin aikin. "Ayyukan alheri" ba bayani ba ne. A rubuta "koyar da karatu a firamaren da ke bayan makaranta, kowace Alhamis daga ƙarfe 3:00 zuwa 4:30". A bar gurbin lambar waya biyu, da gurbin rashin lafiyar da yaro yake da ita, musamman amosanin jini da asma da farfaɗiya, sannan sa hannu ko dangwale. Yaro mai amosanin jini ba a sa shi aikin ƙarfi cikin rana, domin zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar masa da ciwon. Mai asma ba a sa shi shara cikin ƙura. Ba korar su ake yi ba, littafin ƙungiya ko koyarwa ake ba su. Wanda bai dawo da takarda ba, ba ya fita, ko da shi ne ya fi kowa zumuɗi. Ka kira kaɗan daga cikin lambobin ka tabbatar, don yara sun iya sa hannun iyayensu.

Bayan nan ka tafi wurin mai unguwa da ƙafarka, da takardar shugaban makaranta da ɗalibai biyu masu natsuwa. Kada ka je da shiri gamamme kana sanar da shi. Ka gaishe shi, ka faɗi abin da yaran suke son yi, ka tambaye shi abin da ya fi damun unguwa. Sau da yawa amsarsa ta sha bamban da abin da kuka zata. Shi zai haɗa ka da limami a yi sanarwa bayan salla, shi kuma zai hana matasan layi ɗaukar yaranka a matsayin baƙin da suka zo yi musu iyayi.

Kafin ka ƙirƙiri sabon suna ma, duba abin da makarantar take da shi. Wataƙila akwai reshen Red Cross da ya yi barci, ko Sikawut, ko Man O' War, ko kwamitin jin ƙai na ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN). Farfaɗo da irin waɗannan yana da riba, musamman Red Cross, domin reshenta na jiha yana koyar da agajin gaggawa. Akwai kuma Interact, wadda ƙungiyar Rotary ta kafa a 1962 don masu shekara 12 zuwa 18, amma ita sai an sami wani reshen Rotary da zai ɗauki nauyinta. Idan makarantarku ta haɗa Musulmi da Kirista, ƙungiya mai zaman kanta ta fi, don kowa ya shiga ba tare da jin cewa ya shiga gidan wasu ba.

Su wa, su nawa, yaushe

Mutum 25 zuwa 30 sun isa a shekarar farko. Hanyar tacewa mai sauƙi ce, kuma ba ta jawo zargin son kai: a sa aiki uku a cikin makaranta, mako uku a jere, kamar gyaran kujerun da suka karye, share bayan ajujuwa da jera littattafan laburare. Wanda ya zo duka ukun shi ne ɗan ƙungiya. Za ka ga 100 ɗin nan sun tace kansu ba ka kori kowa ba. Maganar riga da hula a jingine ta sai an cinye zango guda ana aiki.

Ƙashin bayan ƙungiya 'yan aji huɗu ne da 'yan aji biyar. 'Yan aji shida ba naka ba ne: daga zango na biyu hankalinsu ya koma JAMB da WAEC da NECO, kuma daidai ne ya koma. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba ɗan aji shida shugabanci don girmamawa, a watan Fabrairu ya ɓace, ƙungiya ta bi shi. Shugaba ya fito daga aji biyar, mataimaki daga aji huɗu, don ya gaje shi. Sai sakatare, ma'aji, da mai kula da kayan aiki. Muƙami biyar ke nan, sun wadatar. Da zarar ka fara raba muƙamai goma sha biyar, kowa ya zama oga, babu mai ɗaukar tsintsiya. Ka kuma guji tara su a hannun firifet, suna da nasu nauyin, kuma ƙananan ɗalibai suna ganin duk abin da firifet ya sa su a matsayin horo.

Wannan batu na horo yana da muhimmanci. A makarantunmu shara da cire ciyawa hukuncin mai makara ne. Idan malamin ladabtarwa ya fara turo maka masu laifi "su je su taya 'yan ƙungiya", ƙungiyar ta zama gidan yari. Ka roƙe shi tun farko kada ya yi.

Raba su rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida bisa unguwar da suke zaune, don su riƙa tafiya gida tare. Idan makarantar ta maza da mata ce, rukunin mata daban, kuma dole malama ta kasance tare da su duk fitar da za a yi. Babba ɗaya ga yara 10 zuwa 15 a aikin waje, kuma kada babban ya zama kai kaɗai. Idan yaro ya ji ciwo ka tafi da shi asibiti, wa zai tsaya da saura? Masu yi wa ƙasa hidima suna da amfani a nan, domin suna da rana guda a mako ta aikin raya al'umma, kuma da yawansu suna neman aikin da za su rubuta a rahotonsu. Sai dai shekara ɗaya suke yi su tafi. A ɗauke su mataimaka, kada a gina ƙungiya a kansu.

Ranar da ta fi dacewa a Kano ita ce Alhamis da yamma. Yawancin Islamiyyu suna karatu ne daga Asabar zuwa Laraba, don haka duk wanda ya sa aiki ranar Asabar da safe ya shiga takara da Islamiyya, kuma iyaye ba za su zaɓe ka ba. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a tashi yara su isa gida kafin magariba. Zango yana da mako 12 ko 13, amma idan ka cire makon farko da na gwaji da makonnin jarrabawa, kamar takwas ne a hannunka. Yara 30, awa biyu, mako takwas: awa 480 ke nan a zango. Da wannan adadi za ka auna kowane aiki da aka kawo shawararsa. A watan azumi a rage zuwa aikin zaune.

Aikin da ya fi: koyar da ƙananan yara karatu

Kowane aiki a yi masa tambaya uku. Ana isa wurin da ƙafa cikin minti 15? Za a iya yin sa da abin da ke hannu? Wa zai riƙe shi bayan mun tafi? Wanda ya fi cin wannan jarrabawa shi ne koyar da 'yan firamaren da ke kusa, kuma shi nake ba da shawarar ka fara da shi. Ba ya buƙatar komai sai alli da kwali da tabarma, kuma ɗan aji biyar da ya koyar da wani yana gyara nasa karatun.

Ka nemi izinin hedimasta, ka nemi 'yan aji uku zuwa biyar waɗanda malamansu suka san suna baya. Kada a raba su bisa aji, a raba su bisa abin da suka iya. Gwajin minti biyar ne ga kowane yaro, da takarda guda mai hawa huɗu: haruffa goma, kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, rana, tulu, sai sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan gajeren labari. A fara daga sakin layi; idan ya karanta a hau sama, idan ya kasa a sauko. Inda ya tsaya nan ne rukuninsa. A rubuta sakamakon a littafi, domin shi za a sake yi a ƙarshen zango a ga wanda ya matsa.

A fara da Hausa, ba Turanci ba. Rubutun Hausa yana bin furuci, yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu yana iya haɗa kalma cikin 'yan makonni, kuma wannan nasarar ce take sa shi dawowa. Ɗalibi ɗaya ga yara biyar ko shida, a zauna a da'ira. Minti 45 sun isa: goma na labari da baki da tambayoyi, ashirin na katin haruffa da gaɓoɓi, sauran na rubutu. Katin a yanka shi daga kwalin taliya ko na sabulu, a rubuta da alƙalamin maka. Kada a manta da ɓ, ɗ, ƙ, da ts da sh, don su ne ake tsallakewa.

Abin da ke lalacewa a nan iri uku ne. Na farko, ɗalibanka za su kwaikwayi yadda aka koyar da su: su tsaya gaban allo suna faɗa yara suna maimaitawa. Yaro zai haddace allon duka bai gane harafi ɗaya ba. Maganinsa a riƙa nuna kati a birkice, ana tambayar yaro ɗaya-ɗaya. Na biyu, bulala. Doka ce ba sassauci: ɗan ƙungiya ba ya dukan yaro, ba ya sa shi kama kunne, ba ya aikensa. Wanda ya yi sau ɗaya a dakatar da shi. Na uku, sauya fuska. Idan kowane mako sabon mutum ne yake zuwa wa rukuni, babu mai sanin inda aka tsaya. Kowane rukuni da mai shi da mataimakinsa har ƙarshen zango. Kuma duk karatun a fili ake yin sa, a baranda ko ƙarƙashin bishiya ko aji mai buɗaɗɗiyar ƙofa, inda malami yake gani. Ba a keɓewa da yaro, ba a kai shi gida, ba a karɓar lambar wayar gidansu.

Dashen bishiya: lissafin ruwa ne

Kowa yana son dashe domin yana kyau a hoto. Amma dasawa aikin wuni ɗaya ne, rayarwa aikin wata takwas. A Kano ana dashe ne idan damina ta kankama, daga Yuli zuwa farkon Agusta, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Wanda ya dasa a ƙarshen Satumba ya sayi wahala. Rami ya kai kamar santimita 45 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba. Za ka yi mamakin yawan bishiyoyin da ake binnewa da ledarsu. A dasa daidai zurfin da take a leda, a danne ƙasa, a yi mata ɗan gurbi kewaye don ya riƙe ruwa. Darbejiya tana jure fari kuma tana ba da inuwa da wuri, amma a ba ta tazarar mita shida ko fiye, nesa da katanga da shadda da wayar lantarki. Mangwaro da gwaiba sun fi son ruwa. Bishiyar turare kada a sa ta kusa da rijiya ko gini.

Yanzu lissafi. Ƙaramar bishiya a rani tana son kamar lita 10 sau biyu a mako, ta fi haka a bazara. Bishiya 40 ke nan lita 800 a mako, wato jarka 32 mai lita 25, kusan kura uku ta 'yan garuwa, kowane mako daga Oktoba zuwa Mayu. Idan makaranta ba ta da rijiya ko burtsatse mai aiki, wa zai biya? Wannan lissafin shi zai gaya maka adadin da za ka dasa, ba yawan irin da aka ba ka kyauta ba. Gara 15 da suka rayu da 200 da suka bushe.

Abokan gaba biyu ne: akuya da hutu. Bishiyar da ba a kewaye ta ranar da aka dasa ta ba, abincin akuya ce kafin wayewar gari. A tanadi ƙaya ko tsohon kwando ko bulo ko ragar waya kafin ranar dashe. Hutun watan Disamba da na watan Afrilu kuwa su ne lokacin da bishiyoyin makaranta suke mutuwa, na Afrilu ya fi muni don zafi yana haura digiri 40. Kowace bishiya a ba ta lamba da sunan ɗalibi biyu, a yi jadawalin hutu da waɗanda gidansu yake kusa, a kuma yi magana da maigadi, a san abin da za a riƙa ba shi. Idan a layin unguwa za a dasa, a dasa a ƙofar gidan wanda ya ce yana so kuma zai ba ta ruwa. Ta bakin titi wadda ba ta da mai ita ba ta kai bazara.

Yashe kwata da shara

Wannan shi mai unguwa zai fi nema, shi ne kuma mafi haɗari. Lokacinsa Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. Yara su tsaya ga ƙananan kwatocin layi waɗanda zurfinsu bai wuce gwiwa ba. Manyan magudanai, da rufaffun kwalbatoci, da duk inda ruwan masai yake shiga, aikin hukuma ne da manya. Ga rukunin mutum 15 ana buƙatar shebur biyar, manjagara huɗu, baro biyu, tsintsiya, da safar hannu mai kauri da takalmin roba da takunkumi ga duk wanda zai taɓa shara. Safar asibiti ba ta tare kwalba. Mai silifa ba ya shiga kwata. Ba a ɗaukar komai da hannu, domin a ciki akwai fasasshiyar kwalba da reza da allurar da aka yar. Wanda ƙusa ko ƙarfe ya soka, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne jinin, a rufe, a kai shi asibiti a ranar don allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, a kira iyayensa. Kada a ce ƙaramin ciwo ne.

Babban kuskure shi ne a yashe a tara a bakin kwata a tafi. Kwana biyu awaki da yara da iska sun mayar da rabi, ruwan farko ya mayar da saura, mutanen layi kuma su ce 'yan makaranta sun zo sun ɓata musu ƙofar gida. Kafin a sa rana a san wanda zai kwashe: ko an yi magana da hukumar kwashe shara ta REMASAB ta hannun mai unguwa, ko an yi ciniki da masu kura zuwa bolar da aka amince. Idan ba a sami mai kwashewa ba, a ɗage aikin. Ba a ƙona leda. A auna mita 50 zuwa 100 a gama su tsaf, ya fi a tsattsaga layi duka a bar shi rabi da rabi. A fara ƙarfe bakwai a tashi kafin goma. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano tana da daɗi don mutanen unguwa suna waje, amma ana taƙaita zirga-zirga da safe, don haka sai waɗanda za su iso da ƙafa. Kuma matasan layin su fito a yi tare. Idan suna zaune a dakali suna kallon yaran wasu suna yashe musu kwata, ba hidima ake yi ba, kuma ba za a daɗe ba ta sake cikewa.

Duk fita a tafi da ruwan sha wadatacce, sabulu, da akwatin agaji: bandeji, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, almakashi, da ƙullin gishiri da sukari (ORS) da ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa. Ƙwayar magani kuwa ba aikin ɗalibi ba ce, ko farasitamol ne.

Ziyarar asibiti ko gidan marayu a bar ta sau ɗaya a zango, da izini a rubuce, mutum goma zuwa ƙasa. A tambayi masu kula da wurin abin da suke buƙata kafin a sayi komai. Ba a shiga ɗakin masu cuta mai yaɗuwa. Ba a ɗaukar hoton majiyyaci ko maraya ana miƙa masa sabulu. Mutuncinsa ya fi abin da aka kai masa.

Akwai ayyukan da amsarsu a'a ce kai tsaye: ba da hannu a titi, yawo da kwali ko gwangwani ana neman taimako a danja, ceto a ambaliya ko gobara, gadi ko sintiri, ba da jini ga wanda bai kai 18 ba, da tafiya wajen gari a buɗaɗɗiyar mota. Sai taron 'yan siyasa. Da zarar ƙungiya ta fara suna, wani zai aiko da riguna masu hotonsa. Shebur da baro in an bayar ta hannun shugaban makaranta a karɓa a rubuta. Riga mai hoto a mayar da godiya.

Kuɗi da littafi

Tun 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta, don haka sanya wa ɗalibai kuɗin wajibi yana iya jawo maka tuhuma ko da niyyarka mai kyau ce. Ka nemi kaya maimakon kuɗi: aron baro daga iyaye, alli daga makaranta, safar hannu daga tsofaffin ɗalibai. Idan kuɗi ya shigo, kada ya kwana a aljihunka ko a asusunka na banki. Ya tafi wurin ma'ajin makaranta, ma'ajin ƙungiya ya rubuta a littafi: kwanan wata, daga wa, nawa, an sayi me, rasit a manne. Ba a fitar da ko sisi sai da sa hannu biyu, naka da na shugaban ɗalibai. Ƙarshen zango a karanta lissafin a gaban kowa. Kayan aiki a shafa musu fenti, a ƙirga kafin fita, a ƙirga bayan dawowa. Shebur yana da ƙafa.

Littafi na biyu na halarta ne: suna, rana, aikin da aka yi, awa nawa, sa hannun malami a ranar, ba a ƙarshen zango daga ƙwaƙwalwa ba. Ka gaya wa yaran gaskiya cewa JAMB ba ta ba da maki ko ɗaya a kan wannan. A jihar Maryland ta Amurka sai ɗalibi ya cika awa 75 na hidima kafin ya kammala sakandare, mu ba mu da irin wannan doka. Inda yake amfani shi ne takardar shaidar kammala makaranta da neman tallafin karatu, domin masu ba da tallafi irin su Gidauniyar Mastercard suna tambayar abin da mai nema ya yi wa al'ummarsa. A nan "na koyar da yara shida na tsawon zango uku, huɗu sun tashi daga haruffa zuwa sakin layi" ya fi "ni memba ne" nesa ba kusa ba. Satifiket a ba wanda ya halarci aƙalla kashi uku cikin huɗu na fitowa, a rubuta adadin awanninsa a jiki. Idan aka ba kowa, ya zama takardar tsire.

Bayan kowace fita a zauna minti goma kafin a watse: me ya tafi daidai, me ya ɓaci, me za a sauya mako mai zuwa. Sakatare ya rubuta layi uku. Kai ka yi shiru su yi magana, ko da ka san amsar.

Miƙa mulki a yi shi a tsakiyar zango na uku, ba a makon ƙarshe ba, don sababbin shugabanni su jagoranci fita uku ko huɗu tsofaffin suna kallo. A miƙa littafin kuɗi, littafin halarta, sakamakon gwajin yaran firamare, jadawalin ban ruwa, makullin ma'ajiyar kaya, da lambobin mai unguwa da hedimasta da maigadi. Kai ma, Malam, ana iya yi maka canjin wurin aiki a tsakiyar zango ba tare da sanarwa ba, don haka tun yanzu ka nemi malami na biyu da sunansa zai shiga takardar da shugaban makaranta zai sa wa hannu, kwafin duk takardun kuma ya zauna a ofishin mataimakin shugaba.